Tsugune Ba Ta Ƙare Ba: Makomar Karnukan da Hukuma Ta Ƙwace a Amurka

 

Tun ranar da aka liƙa sanarwar wannan lacca a allo wasu 'yan'uwa suke ta yi mana ba'a, suna cewa wai duk matsalolin da suka dame mu ba mu ga abin magana ba sai karnukan Amurka. Ba mu ga laifinsu ba. Amma muna roƙon su ba mu aron kunnuwansu na ɗan lokaci, domin yawancin waɗanda ke zaune a wannan zaure, in Allah ya yarda, su ne gobe za su zauna a kan tebur su tsara doka, ko kuwa a miƙa musu doka a ce su zartar da ita. Labarin da muka zo da shi kuwa labari ne na abin da kan faru bayan an zartar da doka, watau ranar da hukuma ta ƙwace abu mai rai, mai ci, mai sha, mai ciwo, sa'an nan ta rasa inda za ta kai shi.

Bari mu fara da bayyana irin gidajen da muke nufi. A Amurka kare ɗan gida ne, a ɗaki yake kwana, ana kai shi wurin likita, kuma mutum kan fitar da dala dubu ko fiye ya sayi ɗan kwikwiyo guda ɗaya idan asalinsa mai kyau ne. Duk inda aka sami kuɗi irin wannan kuwa, sai an sami masu neman su ta kowace hanya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manoma da dama a jihohin tsakiyar ƙasar, kamar Misuri da Ayowa da Kansas, suka shiga kiwon karnuka yadda ake kiwon kaji, har wasunsu suna zuba su a tsofaffin akurkai da kejin zomaye. Mutanen can suna kiran mafi munin waɗannan wurare da sunan da ma'anarsa ita ce masana'antar kwiyakwiyai. Karya takan yi shekara da shekaru cikin keji mai daɓen ragar waya, ana yi mata barbara duk sa'ad da ta kai, a raba ta da 'ya'yanta suna da mako takwas, a loda su a mota zuwa kantunan manyan birane. Ranar da ta daina haihuwa amfaninta ya ƙare, ko a kai ta gwanjo, ko a kashe ta.

Dokar tarayya ta farko da ta taɓa wannan sana'a asalinta wata karya ce mai ɗigo-ɗigon baƙi da fari, mai suna Pepper, wadda ta ɓace daga wata gona a jihar Fensilbaniya a 1965. Kafin masu ita su gano inda take, dillalai sun sayar da ita ga wani asibiti a birnin Niyok, ta mutu a wurin gwajin aikin tiyata. A watan Fabrairu na 1966 mujallar Life ta buga hotunan karnukan da ke hannun wani dillali, ƙashi da fata, a ɗaure da sarƙa. Jama'a suka cika Majalisar Dokoki da wasiƙu, kuma ran 24 ga Agusta, 1966, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar da daga baya aka sani da Dokar Kyautata wa Dabbobi. A 1970 aka faɗaɗa ta, ta haɗa da masu sayar da dabbobin gida a kan sari, aka kuma bar wa Ma'aikatar Aikin Gona nauyin ba da lasin da aika sufetoci.

To, amma me dokar ta tanada? Ƙa'idar girman keji ita ce a auna kare daga hanci zuwa gindin wutsiya, a ƙara inci 6. Alal misali, karen da tsawonsa inci 24 ne, keji mai tsawon inci 30 da faɗin inci 30 ya wadatar da shi a idon hukuma, muddin rufin ya ɗara kansa da inci 6. Idan mai kiwo ya ninka wannan fili sau biyu, ƙa'ida ba ta tilasta masa ya fito da karen ya motsa jiki ba. Daɗin daɗawa, a watan Mayu na 2010 ofishin babban mai binciken Ma'aikatar Aikin Gonar da kansa ya fitar da rahoto yana cewa sufetoci sun fi son lallashi a kan horo, masu laifi suna maimaita laifinsu, manyan masu kiwo kuma da ke sayarwa ta intanet ba wanda ke duba su sam. Sai a 2013 aka toshe wannan kafa, aka ce duk mai karya fiye da huɗu da ke sayar wa wanda bai ga kwikwiyon da idonsa ba tilas ne ya nemi lasin.

Ganin raunin dokar tarayya ya sa jihohi suka tashi tsaye. A 2008, a wata gunduma ta Fensilbaniya, jami'in duba karnuka ya umarci wasu masu kiwo su kira likitan dabbobi saboda cizon ƙuma. Maimakon su biya kuɗin likita sai suka harbe karnuka 80, kuma a lokacin babu dokar da suka karya. Wannan abu ya girgiza jihar, har a watan Oktoba na shekarar Gwamna Ed Rendell ya sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta ninka girman keji a manyan gidajen kiwo, ta wajabta likita ya duba kowane kare duk wata shida, ta kuma hana kowa kashe su in ba likita ba. A Misuri kuwa, inda sana'ar ta fi ƙarfi, an yi ƙuri'ar raba gardama a watan Nuwamba na 2010, masu son gyara suka ci da ƙyar, da kashi 51 da ɗoriya cikin ɗari, aka ƙayyade cewa kada mai kiwo ya wuce karnukan haihuwa 50. Ba a yi wata shida ba, a Afrilun 2011, Majalisar jihar ta cire wannan iyaka. Daga baya masu neman gyara suka juya wajen kasuwa. Kalifoniya ce jihar farko da ta hana kantuna sayar da kwiyakwiyan masu kiwo, daga ran 1 ga Janairu, 2019, kuma irin wannan doka ta fara aiki a jihar Niyok a watan Disamba na 2024.

Malam Shugaba, a nan ne yawancin masu ba da wannan labari sukan tsaya, a tafa, a watse. Mu kuwa a nan maganarmu ta fara. Hausawa sun ce tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Duk sa'ad da aka tsananta doka, karnuka sukan fito ta ƙofa biyu. Wasu masu kiwo sukan ga ba za su iya cika sababbin ƙa'idodi ba, su rufe, su nemi inda za su zubar da abin da ke hannunsu. Wasu kuma sukan yi taurin kai har 'yan sanda su zo da takardar kotu su kwashe karnukan. Ko ta wace ƙofa suka fito, gwamnatin da ta yi dokar ba ta gina musu masauki ba. 'Yan sandan gunduma ba su da ɗakin ajiye karnuka ɗari biyu, ba su da likita, ba su da kuɗin abinci a kasafinsu. Saboda haka nauyin yakan faɗa kan ƙungiyoyin ceton dabbobi, waɗanda akasarinsu da gudummawar jama'a da ƙarfin 'yan sa kai suke tafiya.

Akwai wani ƙulli na shari'a da ya kamata mu fahimta, domin shi ne gindin matsalar. A idon doka kare dukiya ne, kuma idan an ƙwace shi saboda zargin zalunci ya zama kayan shaida. Dukiyar mutum ba ta fita hannunsa sai kotu ta yanke hukunci, shari'a kuwa tana iya kai shekara ko fiye, balle in an ɗaukaka ƙara. Idan bindiga ce ko mota, sai a kulle a sito a jira. Amma kare kullum sai ya ci, sai an share masa wuri, sai an yi masa allura, wasu ma da ciki ake kama su, su haihu a hannun masu riƙo. Ƙungiyar da ke riƙe da shi ba ta da ikon ba da shi ga wanda zai riƙe shi har abada, don ba nata ba ne. Kejin da ya cika kuma, an hana wani kare na titi ke nan. Karen da aka ceto daga keji sai ya sake yin wata da watanni a wani kejin yana jiran alƙali. An gudu ba a tsira ba.

Domin mu gane girman kuɗin, bari mu yi ɗan lissafi. A 2013 Fensilbaniya ta kafa dokar kuɗin kula da dabbobin da aka ƙwace, ta ƙayyade cewa abin da za a iya nema bai wuce dala 15 a rana a kan kowace dabba ba, ban da kuɗin magani. Mu ƙaddara an kama karnuka 200. Dala 3,000 ke nan kowace rana, a shekara kuwa dala 1,095,000. Ƙaramar ƙungiya a ƙaramin gari, kamu ɗaya irin wannan ya isa ya durƙusar da ita. Abin da ya fi wannan muni shi ne, idan jami'i ya san babu inda zai kai dabbobin, babu kuma mai biya, to, sai ya kau da kai, ya rubuta gargaɗi ya wuce. Ta haka doka takan mutu tana nan a rubuce.

Maganin da jihohi da yawa suka samo shi ne dokar da za mu iya kira biya ko ka saki. Bayan kamu, cikin 'yan kwanaki ake zuwa gaban alƙali, tun ba a fara babbar shari'ar ba. Idan alƙali ya gamsu cewa kamun yana kan hanya, sai ya umarci mai dabbobin ya riƙa ajiye kuɗin kula da su, galibi na kwana talatin talatin. In ya biya, dukiyarsa tana nan tana jiran hukunci. In ya ƙi, mallaka ta fita hannunsa, ƙungiya ta sami ikon nema musu gida. Amma fa adalci ya sa mu faɗi ɗaya gefen. Wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar, talaka kuma yana iya rasa dabbarsa don kawai aljihunsa bai kai ba, alhali daga baya a wanke shi. A 2009 wata kotun tarayya a jihar Kentaki ta soke wani sashe na dokar birnin Luwibil saboda wannan dalili, domin sashen yana raba mutum da karensa har abada ko da an same shi ba shi da laifi. Don haka mai tsara irin wannan doka tilas ya sa mata zaman sauraro na gaskiya, inda mai dabba zai kare kansa.

Yanzu mu duba abin da ƙungiyoyin ke karɓa. Karen da ya fito daga irin waɗannan gidaje yakan zo da gashi a dunƙule da kashi, haƙora sun ruɓe, kunne na ɗoyi, tafin ƙafa ya tsage saboda tsayuwa a kan waya. Wannan duk likita na iya gyarawa. Ciwon da ya fi wuyar magani shi ne tsoro. A 2011 wasu masana uku, McMillan da Duffy da Serpell, suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan karnuka 1,169 da aka taɓa ajiyewa domin haihuwa a gidajen kiwo na kasuwa. Sun tarar cewa ko bayan sun yi kimanin shekara biyu a gidajen mutanen kirki, sun fi sauran karnuka tsoron mutane da ƙara da baƙin abubuwa, sun fi yin ba-haya cikin ɗaki, sun kuma fi wuyar horo. Wannan ne ya sa ƙungiyar ASPCA, wadda Henry Bergh ya kafa a Niyok tun 1866, ta buɗe cibiya ta musamman a jihar Niyu Jazi a 2013, ta kuma mayar da ita mazauninta na dindindin a Karolina ta Arewa a 2018, inda ake koya wa kare abubuwan da ba wanda ya zaci sai an koya, kamar taka ciyawa, da hawa matakala, da yarda hannun mutum ya taɓa shi.

Misali mafi girma da muke da shi ya faru a jihar Bajiniya a 2022. Kamfanin Envigo yana da gidan kiwo a gundumar Kambalan inda yake samar da karnukan da ake kira bigul domin sayar wa ɗakunan gwaje-gwajen magani. Ko da yake ba kantuna yake kai wa ba, yanayin kiwon iri ɗaya ne. Sufetocin tarayya sun rubuta cewa kwiyakwiyai fiye da 300 sun mutu a can tsakanin Janairu da Yulin 2021 ba a san dalili ba, amma wurin ya ci gaba da aiki. A watan Mayu na 2022 jami'ai suka shiga da takardar kotu, suka kwashe karnuka 446 da ke cikin mawuyacin hali, Ma'aikatar Shari'a kuma ta shigar da ƙara. A watan Yuli alƙali ya amince da shirin miƙa sauran, kusan 4,000, ga ƙungiyar da a lokacin ake kira Humane Society of the United States, aka ba ta kwana 60. Ta rarraba su ga ƙungiyoyi da gidajen ajiye dabbobi fiye da 120 a faɗin ƙasar, aka kammala a farkon Satumba. Karnukan ba su da suna, sai haruffan da aka zana musu a cikin kunne.

Me ya sa wannan aiki ya yiwu cikin wata biyu? Domin kamfanin ya yarda ya saki mallaka tun da wuri, ba a jira ƙarshen shari'ar laifi ba. Ita wannan shari'a sai a watan Yuni na 2024 kamfanin ya amsa laifinsa, aka ɗora masa biyan fiye da dala miliyan 35, a ciki har da tara mafi girma da aka taɓa yi a ƙarƙashin Dokar Kyautata wa Dabbobi. Ku ƙaddara da a ce karnukan nan kayan shaida ne da za su jira wannan rana. Shekara biyu ke nan ana ciyar da baki dubu huɗu, kuma ba mu ga ƙungiyar da za ta iya ɗaukar wannan kaya ba.

Kada kuma a ce mun zo yi wa ƙungiyoyin ceto kirari ne kawai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A watan Afrilu na 2018 jaridar Washington Post ta bayyana cewa masu alaƙa da ƙungiyoyin ceto 86 sun kashe dala miliyan 2.68 wajen sayen karnuka 5,761 a kasuwannin gwanjo biyu na Misuri tun daga 2009. Niyyarsu mai kyau ce, su fitar da kare daga wahala, amma kuɗin aljihun masu kiwo suke shiga, su sayi wasu karnukan su ci gaba. Ban da wannan, da dokoki irin na Kalifoniya suka ce kanti ba zai sayar da kare ba sai wanda ya fito daga ƙungiyar ceto, sai wasu dillalai suka yi wa kansu rajista a matsayin ƙungiyoyin ceto. A 2019 Babban Lauyan jihar Ayowa, Tom Miller, ya kai irin waɗannan ƙungiyoyin bogi kotu, yana zarginsu da safarar kwiyakwiyai kusan 1,300 da sunan ceto. Dole ta sa Kalifoniya ta sake gyara dokarta a 2020, ta hana kantuna cinikin gaba ɗaya, sai dai su ba ƙungiyoyi wurin nuna dabbobi. Ashe wanda aka damƙa wa amanar taimakon hukuma, shi ma yana bukatar mai duba shi.

'Yan'uwa, darasin da muka ɗauka daga duk wannan shi ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Duk dokar da ta ba jami'i ikon ƙwace abu mai rai, lalle ne tun ranar rubuta ta ta amsa tambayoyi huɗu. Ina za a kai abin da aka ƙwace a daren farko? Wa zai biya kuɗin ci da magani, kuma daga wane asusu? Cikin kwana nawa alƙali zai yanke maganar mallaka, kuma wace dama aka ba mai shi ya kare kansa? Wa zai binciki littattafan waɗanda aka ba riƙo? Waɗannan tambayoyi ba na karnuka ne kaɗai ba. Wanda a cikinmu gobe zai sami kansa a ma'aikatar dabbobi, ko ofishin ƙaramar hukuma, ko aikin kwastan, wata rana za a kawo masa garken shanu ko motar jakuna da aka kama, kuma su ma ba za su daina jin ƙishirwa don fayil na kan teburin alƙali ba.

Amurka ta fara wannan tafiya a 1966, da dukiyarta da lauyoyinta, amma a 2022 sai da ta nemi 'yan sa kai su kwashe mata karnuka dubu huɗu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Roƙonmu ga kowane ɗayanmu shi ne, ranar da aka ajiye masa daftarin doka ya sa hannu, ya buɗe shafin ƙarshe ya duba ko an faɗi wanda zai ciyar da abin da za a kama. In ba a faɗa ba, ya mayar da shi a gyara.

Malam Shugaba, a nan za mu dakata, don mu bar lokaci ga masu tambaya da masu gyara.